Daga Jatan Landen Kasuwa Zuwa Amfifod na Ramin Mariana: Yadda Ake Fiɗa da Tantance Jinsi

Tsakanin Gombe da bakin teku akwai tafiyar yini guda cur a mota, amma wannan bai hana ɗalibin ilimin dabbobi a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere cin karo da tambaya kan halittun ƙarƙashin teku ba. Ita ƙasar Gombe ma ta taɓa zama ƙarƙashin ruwan gishiri, shekaru wajen miliyan 90 da suka wuce. Dutsen farar ƙasa da ake haƙa a Ashaka don yin siminti cike yake da burbushin halittun teku. Abin da wannan bayani zai koyar shi ne yadda ake karanta jikin wata 'yar halitta mai suna Hirondellea gigas, amfifod ce, wato ƙaramar halittar ruwa mai ɓawo irin na jatan lande, da ke rayuwa a wuri mafi zurfi da aka sani a duniya, da yadda ake gano gurbinta a jerin dangin kaguwa da jatan lande. Ba a fara koyon fiɗa a kanta. A kan jatan landen kasuwa ake gyara hannu tukuna.

Wace ce ita

Tsawonta santimita kaɗan ne, galibi ba ta kai ɗan yatsa ba. Jikinta a matse yake daga gefe zuwa gefe, a lanƙwashe kamar waƙafi. Masana biyu na Tarayyar Sobiyet, Birstein da Vinogradov, su suka fara bayyana ta a 1955. Tana zaune a ramukan yammacin Tekun Fasifik, har da ƙasan Challenger Deep a Ramin Mariana, mai zurfin kusan mita 10,900. A kowace mita 10 da aka nutsa, matsin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da muke ciki, don haka a can ƙasa ya haura ninki 1,000: kamar a ɗora tan guda a kan farcen babban yatsa. Sanyin ruwan bai wuce digiri 1 zuwa 2.5 ba, haske kuwa babu shi ko kaɗan. Abincinta mushe ne da duk wani abu da ya gangaro daga sama. Da tarko ake kama ta, a sa kifi a ciki a saukar, su taru a kai kamar ƙudaje a mahauta.

Masu bincike na Japan sun nuna a 2012 cewa cikinta yana da sinadaran da ke narkar da itace da ganyen da suka nutse su mayar da su sukari. A 2019 kuma suka ba da rahoton wani irin kirtani mai ɗauke da alminiyom da ke lulluɓe ɓawonta. A ganinsu, amfaninsa kare ɓawon ne: ƙasa da mita 4,000 zuwa 5,000 alli yana narkewa a ruwan teku, ɓawon waɗannan halittu kuwa da alli ake ƙarfafa shi.

Lissafin 5, 8, 6

Wanda ya riƙe wannan lissafi ya riƙe rabin aikin. Duk ɗan ajin Malacostraca, kaguwa ce ko jatan lande ko amfifod, jikinsa kashi uku ne: kai mai ɗauke da rassa tagwaye 5, ƙirji mai gaɓa 8, ciki mai gaɓa 6. Kowace gaɓa tana da rassa biyu, dama da hagu. Jimilla tagwaye 19. Abin da ya bambanta ƙungiyoyin shi ne aikin da aka ba kowane reshe.

Biyar ɗin kai ba sa canzawa: ƙaho (wato antena) na farko, ƙaho na biyu, muƙamuƙi, sai ƙananan rassan baki guda biyu da ake kira maksila ta ɗaya da ta biyu. A ƙirji ne hanya take rabuwa. Jatan lande ya mayar da uku na farko mataimakan baki, ya bar 5 na tafiya, shi ya sa ake kiran rukuninsa Decapoda, wato masu ƙafa goma. Amfifod ɗaya kawai ta ba baki, gaɓar ma ta manne da kai, saura 7 suna waje ana ganinsu ɗaya bayan ɗaya. A ciki kuma jatan lande yana da filafilan iyo 5 da reshen wutsiya 1, ita kuwa amfifod filafilai 3 da rassan wutsiya 3. Aisofod, ɗan ƙwaron nan mai toka-toka da ake samu a danshin ƙarƙashin randa ko tukunyar fure da damina, yana da ƙafa 7 kamar amfifod amma cikinsa 5 da 1 ne, kuma a baje yake daga sama zuwa ƙasa.

Saura abubuwa biyu da ido ke gani nan take. Jatan lande yana da garkuwa guda da ta rufe kai da ƙirji, idanunsa kuma a kan sanda suke. Amfifod ba ta da garkuwa, idanunta a manne suke da kai.

Kayan aiki

Madubi iri biyu ake buƙata: na fiɗa mai ido biyu da ke ƙara girma ninki 10 zuwa 40, da na silaid mai kaiwa ninki 100 zuwa 400. Sai ƙaramin faranti na gilashi, hantsaki mai siririn baki, allurai biyu, silaid da murfinsa, gilisirin, itanol (barasar ɗakin gwaji), fensir da takarda mai kauri. Allurar fiɗa ta kamfani tana da tsada kuma ba ta cika samuwa ba. Siririyar allurar sirinjin masu ciwon sukari tana yin aikin, haka ma fil ɗin kafe ƙwari idan aka soka shi a tsinken tsire aka ɗaure da gam. Fitila ta zama LED. Ƙwan fitila mai zafi yana busar da itanol cikin mintuna, ga shi kuma mai caji ba ruwansa da ɗauke wuta.

Itanol kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari ake ajiye samfur a ciki don nazarin siffa. Idan abin da ke hannu mai kashi 95 ne, a auni mililita 737 a cika da tataccen ruwa zuwa lita 1, an sami kashi 70. Kada a yi amfani da ruwan rijiya ko na burtsatse, gishirin cikinsa yana sa haɗin ya yi hazo ya bar farin gari a kan gashin samfur. Wanda za a ciri DNA daga jikinsa kuwa kashi 95 zuwa sama yake so, a firiza. Fomalin, wani ruwan adana samfur, yana lalata DNA, kuma idan ba a kashe tsaminsa da boraks ba yana cinye allin ɓawo har samfur ya yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar takarda. In dole ne a yi amfani da shi, kashi 1 na fomalin cikin kashi 9 na ruwa, kwana 1 zuwa 2, a wanke a mayar cikin itanol. A buɗe taga, a sa safar hannu.

Gyaran hannu a kan jatan lande

A sayi busasshen jatan lande a babbar kasuwar Gombe, a zaɓi waɗanda ba su karye ba, guda 20 ko fiye, domin rabinsu za su watse. Mutane suna ce masa kirefish, amma ba shi ne ainihin mai wannan suna ba. Ƙananan jatan lande ne na bakin teku, yawancinsu daga gaɓar Akwa Ibom da Kuros Riba. A jiƙa su a ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun ruwa guda na awa 2 zuwa 3. Idan an sami ɗanye na firiza ya fi, don gaɓoɓinsa ba sa karyewa.

A kwantar da shi a gefe, kai yana duban hagu. A fara daga wutsiya a yi gaba, ana cire reshe ɗaya-ɗaya daga gindinsa, ana jerawa a kan farar takarda da lamba, daga 19 zuwa 1. Daga baya ake farawa saboda rassan baki a jere suke kamar shafukan littafi, na baya ya rufe na gaba. Wanda ya fara daga gaba sai ya yaga uku kafin ya ciro ɗaya. Idan lissafi bai cika 19 ba, kusan kullum maksila ta ɗaya ce ta manne da muƙamuƙi. A duba gefen gaɓa ta biyu ta ciki: idan ta hau kan ta ɗaya da ta uku duka, ɗan ƙungiyar jatan lande ta Caridea ne. A ƙirga haƙoran tsinin goshi, na sama daban na ƙasa daban. Sai an yi wannan sau biyar ko shida ba tare da asarar reshe ba, sannan a taɓa amfifod.

Kafin a sa allura

Samfurin ƙarƙashin teku ba ya maimaituwa. Ko aro ne daga gidan adana halittu, ko daga lakar da ake ɗebowa a binciken muhalli na rijiyoyin mai na cikin teku irin Bonga, inda zurfin ruwa ya haura mita 1,000, wanda ke hannunka watakila shi kaɗai ne. Irin wannan laka da rariya mai ido milimita 0.5 ko 0.3 ake tace ta, da ruwa a hankali, domin ƙarfin famfo yana karya ƙahoni da ƙafafu.

Takardar shaida ta farko: wuri, zurfi, kwanan wata, irin tarko, wanda ya kama. Da fensir ake rubutawa, kuma cikin kwalba ake sakawa. Tawadar biro tana narkewa a itanol, takardar da aka manna a waje kuma zafin watan Maris da Afrilu yana ɓamɓare ta.

Sai awo. Amfifod a lanƙwashe take mutuwa, kuma wanda ya ce zai miƙe ta da ƙarfi zai raba ta biyu. A ɗauki hoto daga gefe tare da ma'auni a cikin hoton, a bi layin gadon baya daga goshi zuwa gindin telson, wato ɗan faifan da ke can ƙarshen jiki, da manhajar ImageJ, ko a bi shi da zare a auna zaren. A rubuta a fili ko awon ya haɗa da telson ko bai haɗa ba, don masu bincike sun sha bamban a nan. A zana dukan jikin kafin a cire komai. Game da ido a yi hattara: launin idon yawancin waɗannan halittu yana kodewa a itanol, har mutum ya rantse babu ido. A karkata fitila a nemi alamarsa a ƙarƙashin ɓawo kafin a rubuta “makauniya”.

Mace ko namiji? A ɗaga ƙafa a leƙa cikin gindinta. Mace tana da wasu faya-fayai a gindin ƙafa ta 2 zuwa ta 5 waɗanda ke haɗuwa su zama jakar goyo. Idan gefensu yana da dogon gashi, ta balaga. Namiji yana da 'yan tsiro biyu a ƙasan gaɓa ta 7. Kada a ɗauki gaɓoɓin numfashi a matsayin fayan goyo: na numfashi suna nan a jikin mace da namiji, sun fi kauri, kamar 'yar jaka, kuma ba su da gashi. Wannan jakar goyo ita ce tambarin Peracarida, babban rukunin da amfifod take ciki. 'Ya'yansu ba sa yawo a ruwa a matsayin tsutsa, daga jaka suke fitowa da siffar iyayensu.

Fiɗar kanta

Ba a yin fiɗa cikin itanol. Yana tashi, yana juya ruwan farantin, sai ka ga maksila tana yawo tana guje wa allura. Cikin gilisirin ake yi. Amma idan aka tsoma samfur kai tsaye daga itanol zuwa gilisirin zalla, ruwan jikinsa yana fita da sauri ya motse. A haɗa gilisirin kashi 1 da itanol kashi 9, a sa samfur, a rufe rabi-rabi a bari ya kwana. Itanol zai tafi ya bar shi cikin gilisirin ba tare da ya lotsa ba. Da hunturu awa kaɗan sun isa, sai dai a kifa kwano a kai saboda ƙura. A kashe fanka. Muƙamuƙin da bai kai ƙwayar gero ba, iska kaɗan ta ishe shi.

Gefe ɗaya kawai ake cirewa, a bar ɗayan yadda yake don wanda zai zo duba aikin daga baya. Allurar hagu ta danne jiki, ta dama ta shiga tsakanin gaɓar jiki da koksa, wato faifan da ke gindin ƙafa, ta ɓamɓaro ƙafar tare da shi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne jan ƙafa daga tsakiya: sai ta tsinke a gaɓa ta biyu, koksa ta zauna a jiki, alhali siffarta na cikin manyan alamomin tantancewa. Kowace ƙafa gaɓa 7 gare ta: koksa, basis, iskiyum, merus, karfus, furofodus, daktilus. A haddace su a jere, don duk mabuɗin tantancewa, wato jerin alamomin da ake bi a gano sunan halitta, da waɗannan sunaye yake magana.

Ƙafa biyu na farko su ne hannuwan kamu, ana ce musu natofod. A nan ya kamata a daɗe. A dangin da Hirondellea ta fito, natofod ta biyu siririya ce doguwa, iskiyum ɗinta ya yi tsawo fiye da yadda aka saba, ƙarshenta kuma ɗan dunƙule ne mai gashi da ɗan mitsitsin farce. Wanda ya ga wannan ƙafa tare da ƙaho na farko gajere mai kaurin gindi ya san yana cikin ƙungiyar Lysianassoidea da makusantanta, kafin ma ya buɗe littafi. A natofod ta farko a duba yadda farce ke naɗewa: ko yana komowa kan tafin gaɓar da ke bayansa kamar wuƙar aska mai naɗi, ko yana haɗuwa da wani yatsa kamar awartaki, ko kuma tsini ne kawai. A duba koksa ta farko. A Hirondellea ƙarama ce, ta biyu ta rufe wani sashenta. Sauran ƙafafun ba sa cin lokaci, a cire a jera. Cikin bakwai ɗin, huɗu na gaba gaba suke duba, uku na baya baya, kuma daga wannan saɓani sunan Amphipoda ya samo asali.

Daga nan a koma ciki. Gaɓa uku na farko suna da faya-fayan gefe. Kusurwar baya ta ƙasa ta na uku, zagayayya ce ko mai tsini ko mai ƙugiya, tana raba jinsi da jinsi. A cire rassan wutsiya uku, a lura da tsawon reshen ciki da na waje. Telson ɗan faifai ne a can ƙarshe, a sama. A cire shi a kwantar a baje, a auna zurfin tsagarsa a rubuta shi kashi nawa ne cikin ɗari na tsawonsa. “Tsaga mai zurfi” ba awo ba ne.

Baki ne ƙarshe, kuma shi ne mai wuya. A juya samfur rigingine. A cire mataimakin baki, wanda dama da hagunsa a haɗe suke, sai maksila ta biyu, sai ta ɗaya, sai leɓen ƙasa, sai muƙamuƙai, sai leɓen sama. A nan kaɗai ake karya dokar gefe ɗaya: muƙamuƙin dama da na hagu ba iri ɗaya ba ne, dole a ciro duka biyun. Idan nama ya hana ganin gashi da haƙora, a jiƙa sashen cikin lactic acid na ɗan lokaci ya yi garau, amma kada a bar shi ya kwana.

Kowane sashe da silaid ɗinsa, ko a ƙalla da murfinsa, da lamba ɗaya da ta kwalba. A sa ɗan ɗigon gilisirin, a tallafi kusurwoyin murfi da ƙwayar laka ta yara ko ɓarɓashin fasasshen murfi, in ba haka ba nauyinsa zai murƙushe muƙamuƙi ya sauya masa kama. A share abin da ya tsatso, a zagaye bakin da man farce marar launi sau biyu. Gilisirin ya yi yawa, man ba zai kama ba. A ajiye silaid a kwance.

Sanya ta a gurbinta

Jerin ya tafi haka: Animalia, Arthropoda, Crustacea, Malacostraca, Peracarida, Amphipoda, iyalin Hirondelleidae, zuriyar Hirondellea, jinsin gigas. Kowane mataki yana da shaidarsa a kan silaid: ƙafafu masu gaɓa, ƙaho tagwaye biyu, lissafin 5, 8, 6, jakar goyo, rashin garkuwa tare da rassan wutsiya uku. Amfifod da aka bayyana sun kai wajen jinsi 10,000, don haka isa ga rukuni ba komai ba ne, aikin yana daga iyali zuwa ƙasa.

Tsofaffin littattafan da ke ɗakunan karatu za su nuna ta a iyalin Lysianassidae ƙarƙashin Gammaridea. Ba kuskuren bugu ba ne, tsarin ne ya canza: Lowry da Stoddart suka ware Hirondelleidae a 2010, aka kuma sake fasalin manyan rassan amfifod a 2013 da 2017. Kafin a miƙa aiki a duba sunan a WoRMS, rumbun sunayen halittun teku da ke intanet. Chevreux ne ya raɗa sunan zuriyar a 1889, daga Hirondelle, jirgin binciken Yarima Albert na Monako. Wajen rubutu, sunan zuriya da babban baƙi, na jinsi da ƙarami, a karkace ko a ja layi a ƙasa. Cikakken sunan shi ne Hirondellea gigas (Birstein & Vinogradov, 1955). Bakan da ke kewaye da sunayen masu bayyanawa ba ado ba ne, yana nufin a wata zuriya suka fara sa ta, daga baya aka mayar da ita nan. Cire shi kuskure ne, haka ma ƙara shi inda babu.

Wurin kamu yana taimakawa amma ba hujja ba ne. Hirondellea dubia ce ta mamaye ramukan Kermadec da Tonga a kudancin Fasifik, gigas kuma na arewa maso yamma. Duk da haka ba a rubuta suna don taswira ta ce. Ƙanana da ba su balaga ba sukan rasa alamomin manya, ƙahonsu ma bai cika gaɓoɓi ba, mabuɗi kuwa da manya aka gina shi. Idan alamomi sun kai ga zuriya suka tsaya, a rubuta Hirondellea sp., wato ba a gano jinsin ba. Idan sun yi kama da gigas amma ɗaya ta saɓa, a rubuta cf. gigas, wato mai kama da gigas, a faɗi wadda ta saɓa. A zuriyar Eurythenes, abin da aka daɗe ana ɗauka jinsi ɗaya ne a duk tekunan duniya ya zamo jinsuna da yawa da aka gwada DNA. Ɗaya daga cikinsu, Eurythenes plasticus da aka bayyana a 2020 daga Ramin Mariana, an sa masa sunan ne saboda zaren roba da aka tarar a hanjinsa. Saboda irin wannan bambanci da DNA ke nunawa ne ake cire filafilin iyo ɗaya ko ƙafa ɗaya a jefa a itanol mai kashi 95 tun kafin gilisirin ya taɓa samfur, don gwajin wani yanki na DNA mai suna COI, mai tsawon harafi 658.

Sauran jiki ya koma kwalba, itanol ninki 10 na girmansa. Waɗannan halittu maiƙo gare su sosai, cikin kwana ɗaya ruwan zai yi rawaya ya kuma rage ƙarfi, sai a zubar a sa sabo, a sake bayan mako guda. A sa ƙaramar kwalbar samfur a toshe da auduga, a kifa ta cikin babbar kwalba mai cike da itanol, a ja layi da alƙalami a inda ruwan ya tsaya. A zafin Gombe a riƙa duba layin kowane wata. In ya sauka, da mai kashi 95 ake cikawa, domin itanol ne ya tashi ya bar ruwa.